Bashin Alfari Yana Wuyana

Sammacin ya iske Seyni ƙarƙashin kamyonsa, babbar motar ɗaukar kaya, yana ɗaure bututun mai. Tun da sojoji suka karɓi mulki aka rufe gadar Malanville da ke kan iyaka, motar tana nan tsaye a tashar Gaya, ita ce kaɗai dukiyarsa, kuma ita ake so a ƙwace.

Mai ƙarar Alhaji Maigari ne, dillalin kayan mota. Sama da shekaru goma da suka wuce, Alfari, yayan Seyni, ya ɗauki inji bashi a shagonsa, injin ya buga tun kafin a kai Dosso, aka yi ta cacar baki, maganar ta kwanta. Watan jiya Alfari ya rasu.

Seyni ya sayar da ragon matarsa ya ga aboka, wata 'yar siririyar mata mai gilashi da ke tsaya wa mutane a gidan shari'a. Ta saurare shi, ta yi dariya, ta ce bashin kasuwa in ya wuce shekara biyar ba a nema ba, doka ta binne shi. Har ya fara hamdala ta karanta sammacin zuwa ƙasa, dariyar ta ɗauke.

"Me ka faɗa a wurin jana'iza?"

Abin da kowa ke faɗa ne. An ajiye gawa, liman ya juyo ya tambaya ko akwai mai bin mamaci, domin ba a son sallatar mutum da nauyi a kansa. Seyni ya fito gaban sahu ya ce duk wanda ke bin Alfari, bashin ya dawo wuyansa. Maigari yana sahu na biyu da yaransa, har da hawaye. Bai ɗaga maganar bashin injin ba ranar.

Aboka ta ce tsohon bashi ya mutu, amma bakin Seyni ya haifi sabo a gaban shaidu. Hanya ɗaya ta rage: ya gaya wa alƙali maganar al'ada ce kawai, bai nufi zai biya kowa ba.

Ranar shari'a Zuwera, matar marigayin, ta aiko daga ɗakin takaba tana roƙonsa ya faɗi yadda aka koya masa, yara bakwai ke ci daga motar nan. Ya amsa da to.

Alƙali ya dube shi ta saman takardu. "Da ka ce bashin yana wuyanka, da gaske kake, ko faɗa kawai ka yi?"

Seyni ya buɗe baki. Liman yana zaune a benci na gaba. In faɗa ce kawai, to an sa Alfari a rami da kayansa a ka.

"Da gaske nake, ranka ya daɗe."

Aboka ta rufe jakarta tun kafin a karanta hukunci.

Da aka zo ɗaukar kamyon sai da aka ja shi da sarƙa, batirin ya daɗe da mutuwa. Maigari ya zo da kansa, ya dafa kafaɗar Seyni, ya ce samun ƙane irinsa sai an tona, Allah ya ji ƙan Alfari. Ya ƙara da cewa in an buɗe gada zai buƙaci direba da ya san halin motar.

Seyni ya ture hannun, ya taka har bakin tasha. Can ya tsaya, ya dawo, ya tambayi nawa ne albashin.