Motar Balkisu

Yayana Cha'ibu ya yi ƙuruciyarsa da tsufansa a bisa kamiyo, yana tuƙin babbar motar kaya tsakanin Kotonu da Gaya. Da ciwon sukari ya cinye masa ido, sai ya koma zama a ƙofar gida, bakin hanyar da ke zuwa gadar Malanbil. Kowace mota ta wuce sai ya faɗi ciwonta da kunne, ko an tambaye shi ko ba a tambaye shi ba. Surutu dai kam Allah ya ba shi.

Ɗiyarsa Balkisu ce abin alfaharinsa. Ta yi karatu a Turai, ta kama aiki inda ake ƙera injuna ƙanana, waɗanda ba su kai kaurin gashin kai ba. Har da fankoki, wai don su riƙa sanyaya cikin salula. Abokan hirarsa suka maida abin dariya, musamman Mumuni mai faci, wanda bakinsa ba ya da birki.

"Cha'ibu, yaushe ɗiyarka za ta kawo muna injin nan? Ko iska ta ɗauke shi bisa hanya?"

Shi kuwa ya tsaya mata tsayin daka. "Ku bari ta zo. In ta tada shi, ni zan gaya muku lafiyarsa."

Ta zo da rani, bayan an yanke shinkafa. Ya sa aka shimfiɗa tabarmi, ya aika aka kira su duka, ya sa babbar rigarsa ta Juma'a. Balkisu ta fito da wani ɗan akwati da madubin ƙara girma. Ta ce ɗaya tak aka yarda ta fito da shi, na farkon da ta ƙera da kanta. Ta jona waya, ta ce a zo a leƙa.

Mumuni ne ya fara. Ya daɗe a sunkuye, sannan ya ɗago yana salati. "Wallahi juyawa yake! Da haƙoransa da komai!" Sauran suka yi ta turereniya. Ni ma na leƙa, na ga wani ɗan gare yana gudu kamar dutsen niƙa na aljanu.

Cha'ibu na zaune, ya karkato kunne, yana murmushi. Ya ɗaga hannu ya ce a yi shiru. Aka yi tsit.

"To, Balki, tada shi."

Ta ce, "Baba, ai tun ɗazu yana aiki."

"Matso da shi."

Ta kai masa har gefen kunne. Ya riƙe numfashi. Can a hanya wata tirela ta wuce, bai ce komai a kanta ba. Mutanen da suka sha yi masa dariya duk sun gani sun ƙoshi, shi da ya kare ta bai samu ko ƙwayar sauti ba. Haushi ya kama ni, na rasa wa zan zaga. Ɗaya bayan ɗaya suka zame, kowa da uzurinsa.

Da muka rage mu uku sai ya miƙa hannu. "Bari in taɓa, ko sau guda."

Ta riƙe masa wuyan hannu. "Baba, ba a taɓa shi. Ko ƙura kashe shi take."

"To," in ji shi. Ya maida hannun bisa gwiwa, ya sunkuyar da kai. Ban taɓa ganin yayana ya ƙanƙance haka ba.

Balkisu ta dube shi, ta dube ni. Sai ta cire gilashin da ya rufe abin, ta kama ɗan yatsansa, wanda sitiyari ya maida kamar fatar ƙirgi, ta ɗora a kai a hankali.

Ya karkato kai, yana jira.

"Nan ne?"

"Nan ne, Baba."

"Ban ji komai ba, ɗiyata."

Ta sunkuya ta leƙa madubin. Ba ta ɗago da wuri ba, kuma da ta ɗago na ga fuskarta, ban buƙaci in leƙa ba.

Ya ce, "Ban dai ɓata miki shi ba ko?"

Ta goge ido da bakin gyale, ta daidaita murya.

"A'a, Baba. Yana nan yana juyawa."