Ƙarfen Ƙofar Hagu

Ƙafar dama ce ta fara shiga. Zulhelmi ya durƙusa a kan simintin wurin ajiye motoci, ya ɗaga ƙafar mahaifinsa da hannu biyu, ya tsallakar da ita kan bututun ƙarfen da ya gitta bakin ƙofar. Tsohon ya dafa rufin motar, ya juya ƙugu, sannan ya saki jiki ya faɗa cikin kujerar gaba ɗaya.

"Ka gani? Na shiga," in ji mahaifin nasa, Pak Cik Sahak, yana haki. "Ka daina kallona kamar buhun shinkafa."

Ƙarfe goma da minti arba'in na safiyar Litinin, ana ruwa a birnin Shah Alam tun asuba. An ba su sha ɗaya da rabi a cibiyar wankin ƙoda. Zulhelmi ya nemi tasi ta waya har sau uku, babu direban da ya karɓa, kuma dama tsohon ya ce shi ba tasi yake so ba. Shekara tara yana jin labarin farar motar nan ta waya, bai taɓa zama cikinta ba.

Shekara taran nan kuwa Zulhelmi ya yi su ne yana gardama ɗaya da Ah Keong, bakaniken da ke kula da ita. Ah Keong cewa yake a sayi ƙarama ta zuwa ofis da kasuwa, a bar wannan ta zama ta filin tsere kawai. Zulhelmi kuma amsarsa ba ta canzawa: benen da yake zaune gurbin mota ɗaya yake ba kowane gida, kuma bai ga amfanin motar da mutum zai so amma ya riƙa ganinta sau shida a shekara ba. Da ita yake zuwa aiki a tashar jiragen ruwa ta Klang, da ita yake zuwa filin tsere na Sepang ranar Asabar ɗin da ƙungiyarsu ta kama filin. Ya sauke ta ƙasa, ya cire kujerun baya, ya sa na gaba masu zurfi da ke rungume mutum har haƙarƙari.

Mako uku da suka wuce aka ɗaga shi zuwa rukunin masu gudu, inda doka ta ce sai mota tana da kejin ƙarfe a ciki, da bututu a gicciye a kowace ƙofa. Ah Keong ya tambaye shi, na ɗaurewa da noti ko na walda. Ya ce na walda, don shi masu duba motoci suke karɓa a wannan rukunin. A lokacin Abah, wato mahaifinsa, yana garin Sabak Bernam wajen Kak Long, babbar yayar Zulhelmi, ita ke kai shi wankin ƙoda. Sai aka mayar da mijinta aiki can jihar Sabah mai nisa. Ranar Asabar Kak Long ta kawo tsohon da jaka biyu da fayil ɗin asibiti.

A hanya tsohon ya wartsake. Ya sa aka sauke gilashi don ya ji kukan salansa. Da suka wuce unguwar Batu Tiga ya nuna jerin gidajen da aka gina a kan tsohon filin tsere, ya ce a daidai can yake faka babbar motarsa ta ɗaukar kaya, ya ɗora Helmi a kan rufi su yi kallo ba tare da sun shiga ba.

"Taka ta kaɗan mana. Ko hoto ce?"

"Abah, ruwa ake yi."

"Uwarka ma ta fi ka gudu, Allah ya ji ƙanta."

Ya yi dariya, dariyar ta koma tari. Rabonsa da injin wankin ƙoda tun Juma'a, kuma a walimar bankwanar Kak Long ya sha miya kwano biyu da ba a ba shi izini ba. Idon sawunsa ya kumbura ya cika takalmin.

Sun isa sha ɗaya da minti goma. A bakin ƙofar cibiyar akwai tudun rage gudu. Zulhelmi ya karkata sitiyari ya hau shi a kaikaice, taya ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda yake hawan kowane tudu a garin. Ya tsaya a ƙarƙashin rumfa, ya zagayo, ya buɗe ƙofa. Maigadi ya turo keken guragu.

A nan lissafin ya ƙi. Shiga faɗawa ce. Fita kuwa sai mutum ya ɗaga jikinsa daga kujerar da ta kusa taɓa ƙasa, ya haye gefenta mai tsawo, ya tsallake bututun da ya kai masa cinya. Zulhelmi yana yin haka kullum ba ya ma lura. Pak Cik Sahak ya yunƙura sau biyu, ya koma. Zulhelmi ya miƙa hannu zai kama shi ta hammatar hagu.

"Kada ka taɓa wannan hannun."

Wata nas ce, gajera, an rubuta Thilaga a ƙirjin rigarta. Ta naɗe hannun rigar tsohon ta nuna jijiyar da likitoci suka haɗa masa, ta kumbura kamar igiya. Ta ce ta nan ake sa allurai, ba a jan hannun, ba a matsa shi, ko agogo ba a ɗaura masa. In jijiyar ta toshe, sai tiyata.

Hannun da ke wajen ƙofa kuwa shi ne na hagu.

Suka gwada ta ɓangaren direba. Giya ta tare, gefen kujerun biyu ya tare, a can ma akwai bututu. Maigadi ya ce a kwantar da kujerar baya. Ba ta kwanciya. Ya ce a ja ta baya. Zulhelmi ya cire layin da take gudu a kai tun bara, don mazauni ya ƙara sauka da yatsa biyu. Notocinta huɗu suna ƙarƙashin mutumin da ke zaune. Zulhelmi yana da sifana kowace lamba a but ɗin motar, babu wadda za ta yi aiki.

Motoci suka fara taruwa a baya. Wata tsohuwa ta fito daga ƙaramar mota da sandarta, ta tsaya tana kallo, ta tambayi maigadi ko motar 'yan sanda ce ta kai fursuna.

Sha ɗaya da minti talatin da biyar numfashin tsohon ya canza. Kujerar an yi ta ne mutum ya ɗan kishingiɗa gwiwoyi a sama, shi kuma ruwan da ke ƙirjinsa zama a miƙe yake buƙata. Nas Thilaga ta sa aka gungura tukunyar iska har gefen motar, ta maƙala masa robar a hanci. Sannan ta ja Zulhelmi gefe ta yi masa bayani ba tare da ɗaga murya ba. Uku da rabi injin na wani ne, duk mintin da ya wuce daga awa huɗun mahaifinsa ake cirewa. In numfashin ya ƙara lalacewa za ta kira 'yan kwana-kwana, su kuma ba sa tambayar mai mota ta ina za su yanka.

Zulhelmi ya kira Ah Keong. Daga nan bai da sauran abin yi. Ya tsuguna a bakin ƙofa ya ɗora hannu a kan bututun. Fentin fari ne, har yanzu yana ɗan wari.

Ah Keong ya iso a kan babur sha biyu saura minti biyar, cikin rigar ruwa ta leda, da zarto mai batir a kwandon gaba. Ya leƙa, ya gaida tsohon da ladabi, ya shafa waldar da babban yatsa.

"Pak Cik, ka shiga ɗakin da na fi ƙarfafawa a duk jihar Selangor."

"Aikinka ne?" Tsohon yana magana kalma biyu-biyu. "Ya yi kyau. Kada ka yanke. Asabar yaron nan... zai shiga na manya."

"Abah, yi shiru ka yi numfashi."

"Ku kira mutum huɗu... ku ɗaga ni."

"Ta ina za su kama ka, Pak Cik?" in ji nas ɗin.

Ah Keong ya ɗaura wa zarton baki, ya miƙe, ya dubi Zulhelmi. "Ni na yi waldar, amma ba ni zan ce a yanke ba. Motarka ce, babanka ne."

Zulhelmi ya dubi agogon bangon rumfar. Ya dubi leɓɓan mahaifinsa, da suka fara yin toka-toka.

"Yanke."

Aka rufe tsohon da bargon cibiyar, aka ɗora masa hannun hagu a ƙirji, Zulhelmi ya riƙe bargon daga ɓangaren direba. Ƙarar ta cika rumfar. Bakin zarto na farko ya karye a tsakiyar bututu. Ah Keong ya canza wani yana gunaguni cewa shi ya ce a sayi ƙarfe mai kyau, ga shi an saya. Yanka huɗu aka yi. Da bututun ya faɗi a siminti, sai maigadi da Zulhelmi suka zura zani a ƙarƙashin tsohon, suka juyo da shi, suka zame shi zuwa keken. Bai ɗauki minti ɗaya ba.

Sha biyu da minti ashirin aka haɗa shi da injin. Awa uku da minti goma ya samu. Nas Thilaga ta rubuta a kati ta miƙa wa Zulhelmi: Litinin, Laraba, Juma'a, kowane mako.

Sun jira a shagon shayin da ke tsallaken titi. Kak Long ta kira, Zulhelmi ya ce mata sun iso lafiya, Abah yana kan inji. Ah Keong ya zayyana masa abin da ke akwai yana juya cokali a kofi. Da kejin da aka yanke, masu duba motoci ba za su bar ta ta shiga fili ba. Zai iya mayar da bututun kafin Juma'a da yamma, amma Litinin tana nan tafe. Na cirewa da sawa ba a karɓa a rukuninsa. In kuma aka bar ƙofar haka, kujerar tana nan a ƙasa, ba wurin keken guragu, kuma ba kullum ne za a sami maigadi mai zani ba.

"Yanzu ba ta fili ba ce, ba ta asibiti ba ce," in ji shi. "Tsohuwar ƙaramar motar matata tana bayan gareji. Ɗauki. Ban ce na faɗa maka ba."

"Ka faɗa."

"Shekara tara na yi ina faɗa, na gaji."

"Gurbi ɗaya gare ni, Keong."

"Akwai wuri a layin baya."

Zulhelmi ya san layin baya na garejin Ah Keong. Motoci bakwai ne a jere ƙarƙashin tamfol, duk na mutanen da suka ce za su riƙa zuwa kowane wata. Tayoyin uku sun sace. Kyanwa ta haihu a cikin ɗaya. Ya buɗe baki zai ce na ɗan lokaci ne, sai ya tuna katin da ke aljihunsa ba a rubuta masa ranar ƙarshe ba.

Ƙarfe biyu ya kai farar motar gareji da kansa, bututun yana kwance a kujerar hagu. Ah Keong ne ya ja tamfol ɗin. Zulhelmi ya tsaya yana neman makullin ƙaramar a cikin gwangwani.

Ruwa ya ɗauke lokacin da aka sallami tsohon. Ya fito a gajiye, fuska ta faɗa, da filasta biyu a hannu. Ya dubi ƙaramar motar, ruwan toka, da 'yar tsana a rataye a madubi. Ya dafa ƙofa da hannun dama ya zauna da kansa, ya jawo ƙafafunsa ciki. Zulhelmi ya tayar da injin.

"A kunne take?"

"A kunne take, Abah."

"Ba ta da murya." Ya jingina kai. Can ya ce, "Asabar fa?"

"Akwai wata Asabar ɗin."

Suka gangaro bakin ƙofar cibiyar. Da suka zo tudun rage gudu Zulhelmi ya taka birki, ya karkata sitiyari, ya fara hawa a kaikaice, taya ɗaya bayan ɗaya. Motar da ke bayansu ta yi ham.

"Miƙe kawai, Helmi," in ji tsohon, idonsa a rufe. "Babu abin da zai taɓa ƙasa."