Ku Kare Shi

Saura kaɗan Susana ta mayar wa masuncin da kifinsa. Yana tsaye a ƙofar gidansu da manyan karfasa a soke a tsinke, ruwan tafki na ɗiga a kan ƙafarsa.

"Na Baba ne," in ji shi. "Ki ce mashi gari na godiya. Ba don ya buɗa baki ba, da har yau da ido guda muke kwana."

Ba ta iya musu da manya ba, sai ta sa hannu biyu ta karɓa. A tsakar gida mahaifinta yana zaune ƙarƙashin dogon yaro, carbinsa mai gicciye na kwance a cinyarsa, ba ya ja. Ya dubi kifin, ya kau da kai. Tun ranar kasuwar nan Baba Kosi bai sake furta kalma ba.

Gidan da a da ba a jin komai sai muryarsa. Daga Togo ya zo Madarumfa tun yana saurayi, ya kafa rumfar gyaran injin ban-ruwa, ya auri Miriyamu 'yar Maraɗi, ya haifi Samson da Susana, ya binne matarsa a nan. Shi ne mai ja wa 'yan tsirarun Katolika na garin addu'a duk Lahadin da limaminsu, Mompera, bai zo daga Maraɗi ba. Hausa ta zauna a bakinsa har da karin magana, abu guda ne kawai ya gagare shi. Harshensa ya ƙi harafin ƙa. Ƙarfe a wurinsa karfe ne, ƙofa kofa. In ya ce wa Samson, "Ba ni kusa," sai Samson ya matso ya manne da shi yana dariya, ƙusar na hannunsa a ɓoye. Inusa mai shayi kuwa ajiye karan dawa yake yi a ƙarƙashin teburinsa, yana jiran Baba ya miƙo kofi ya ce, "Kara mini."

"Ga kara nan, Baba Kosi. Na gero kake so ko na dawa?"

"Ɗan banza! Ranar kiyama za ka yi bayani."

"Ranar mi?"

Sai rumfa ta ɗauki dariya, shi ma yana ciki. Garin duka ya saba. In Baba ya ce ka, kunnen mutane da kansa yake gyara masa.

Wannan dariyar Susana take kewa. Ta kai kifin madafa, ta tarar da ƙwaryar Inna Hafsatu a inda take tun ranar, a kife a kan randa, da faifanta.

* * *

Inna Hafsatu Bafulatana ce daga rugar da ke bayan tafki. Tun Susana na goye take kawo musu nono. Da Miriyamu ta rasu, ita ta riƙa yi wa yarinyar kitso, tana ce mata "ɗiyata 'yar majami'a". Ɗanta Ilyasu kuma tare suka tashi da Samson, tare suka koyi iyo.

Sai 'yan bindiga suka fara tsallako iyaka. Suka kore shanun noman Samson tun kafin shuka. Bayan nan suka tare hanyar Gabi, suka harbe abokinsa Sa'idu a kan babur. Samson ne ya ɗauko gawar. Da samarin unguwa suka haɗa 'yan banga, shi ya fara ɗaukar gora, Baba kuma bai hana shi ba. Ya dai ce, "Mai gida ya tsare gidansa, Allah bai hana ba. Amma gorarka ta tsaya inda ta ɓarawo ta faɗi."

Ranar kasuwar, Inna Hafsatu ta biyo da safe ta bar musu nono, ta ce za ta dawo ɗaukar ƙwarya. Matar Ilyasu ta haihu, jibi suna. Da rana Susana na taya Baba a rumfa, sai suka ji ihu daga wajen masu burodi. An ga Bafulatani ya sayi burodi buhu guda, da sukari da ganyen shayi da katin waya. Wa zai ci wannan duka in ba mutanen daji ba? Kafin su isa, an ɗaure hannuwan Ilyasu ta baya da rawaninsa, yana durƙushe, burodi ya watse a ƙasa.

"Suna ne! Wallahi suna nika yi!" Yana ta juya kai har idonsa ya faɗa kan Samson. "Samson, hwaɗa masu!"

Samson na tsaye a gaba da gora. Ya kau da ido.

Baba ya kutsa cikin taron, tsoho mai furfura da kowa ke ganin girmansa. Aka ɗan lafa don a ji abin da dattijo zai ce. Ya ɗaga hannu biyu, ya dubi ɗansa da sauran 'yan banga, ya yi ihu da duk ƙarfinsa.

"Ku kare shi! Ku kare shi!"

Susana ta san abin da ya ce. Amma taron ya yi abin da ya saba yi shekara da shekaru: ya gyara masa harshe.

"Kun ji! Baba ma ya ce a ƙare shi!"

Gorar farko ta Samson ce.

* * *

Ranar Lahadi Mompera ya zo. A ƙaramar majami'arsu mai rufin kwano, Baba ya zauna a bencin baya. Da aka tashi karɓar gurasa mai tsarki, Jikin Almasihu, bai motsa ba. Samson kuwa bai zo ba ma.

Bayan addu'ar Misa, Mompera ya sa kujera a ƙarƙashin mangwaro don masu furta zunubi. Susana ta bari kowa ya gama, sannan ta je ta durƙusa. Ta daɗe tana murza gefen zanenta.

"Mompera, ba laifina na kawo ba."

"Rabin masu zuwa nan laifin maƙwabta suke kawo mini. Faɗi, ɗiyata."

Ta faɗa masa duka. Ta ce jami'an tsaro, jandarmomi, sun zo unguwa suna tambaya, kowa ya ce bai ga wanda ya yi duka ba, amma an ji dattijo ya ba da izini. Ta ce labarin ya kai ruga. Inna Hafsatu ta ji cewa mutumin da ya sha nonon shanunta shekaru shi ya ce a kashe mata ɗa.

"Yaya ya ce kare kai ne. Wai ko addini bai hana ba."

"Bai hana ba," in ji Mompera. "In mutum ya zo maki da makami, kina da izinin tsare ranki. Mai iyali ma wajibi ne gare shi. Amma ki faɗa mini, Ilyasu da mi zai cuce su, hannunsa a baya?"

Ta sunkuyar da kai, ya ci gaba.

"In ɓarawo ya zo nan ya tuba, ina ce masa ya je ya mayar da abin mutane. Gafara ba bargo ba ce da za a lulluɓe gaskiya."

"Rai ba ya mayuwa, Mompera."

"Ba ya mayuwa. Amma ba ransa kaɗai aka ɗauka ba. An binne shi da sunan ɗan rahoton ɓarayi, jaririnsa da wannan sunan zai tashi. Babanki ma an ɗauke masa maganarsa." Ya cire tabarau ya goge. "Ba zan ce ki je ki sa a kama wanki ba, wannan nauyi ba ƙarami ba ne. Ki fara zuwa wurinsa. Shi ya kamata ya ɗauki kayansa."

* * *

Ta sami Samson da la'asar a lambunsu na bakin tafki, yana jan tiyo tsakanin kwamin albasa. Ya rame, idanunsa sun faɗa.

"Yaya, sannu da aiki."

"Mi ya kawo ki? Ko Mompera ya aiko ki da wa'azi?"

"Baba ba ya cin abinci."

"To ni zan tauna mashi?"

Ta zauna a kan kunya. Tun suna yara ba ta taɓa ɗaga masa murya ba. Shi ya goya ta zuwa lakwal a 'yan shekarun da ta yi tana karatun boko, shi ya fasa wa wani yaro baki don ya kira ta 'yar arna.

"Yaya, ranar nan mi ka ji Baba ya ce?"

"Abin da kowa ya ji."

"Kowa ba a gidanmu ya tashi ba."

Ruwa ya cika kwamin ya fara malala, bai janye tiyon ba.

"Duk safiya in za ka fita da gora, mi yake ce maka a ƙofa?" Ta miƙe tsaye. "Allah ya kare ka, haka yake cewa. Ka taɓa jin yana roƙon Allah ya ƙare ka?"

"Ke ba ki ga Sa'idu ba!" Ya jefar da tiyon. "Ni na kwashe shi a hanya, rigata har yau ba ta fita ba. Wa ya kare shi? Jandarma sai an gama suke zuwa. Wani ne ke kai wa 'yan bindiga labarinmu, Susana, wani da ke cin abinci da mu!"

"Ilyasu ne?"

Ya dubi tafkin. Wani masunci na tura kwalekwalensa can nesa, wajen da su biyu suke tsere a ruwa suna yara.

"Ban sani ba," ya ce a hankali. "Da ya kira sunana, duk suka juyo suna kallona. In na tsaya mashi, ni ma sun ce nasu ne."

"To ka tahi ka faɗa haka."

"In tahi a kulle ni kaso? Wa zai riƙe lambu? Wa zai ciyar da ku? Baba tsoho ne, ba mai taɓa shi. Shi da kanshi ya yi shiru, ke mi naki?"

"Don kai ya yi shirun."

Samson ya sunkuya ya ɗauki tiyon, ya juya mata baya.

Ta kama hanyar gida rana na shirin faɗuwa. Ta ji wani ƙaramin sauti daga bayan rumfar gyara, kamar mutum ya shaƙe. Ta leƙa. Baba ne durƙushe tsakanin matattun injuna, ya kama maƙogwaronsa da yatsu, yana matsawa.

"Ka," yake cewa. "Ka. Ka."

Yana neman harafin da ya sha dariya a kansa duk rayuwarsa, don ya raba kalma da 'yar uwarta. Harafin ya ƙi zuwa. Susana ta toshe bakinta da zane ta ja da baya.

* * *

Washegari da asuba ta wanke ƙwaryar Inna Hafsatu, ta rufe da faifanta, ta ɗora a ka. Da za ta fita ta tarar da Baba a zaure. Ya dubi ƙwaryar, ya dube ta. Ya ɗaga babban yatsa ya zana mata gicciye a goshi, yadda yake yi lokacin tana ƙarama.

Ta bi gefen tafki, ta wuce lambuna, ta shiga gonakin gero. Tana tafe tana shirya maganar, don ta san in ta ga fuskar Inna bakinta zai mutu. Inna, ba haka ya ce ba. Inna, kin san harshensa, ke ma kina yi masa dariya in ya ce kwarya. Za ta faɗi wanda ya ɗaga gora, in an tambaye ta. Za ta roƙi a nuna mata jaririn, ta ji sunan da aka sa masa.

Ba ta ji kukan shanu ba da ta kusa. Ba hayaƙi.

Bukkokin babu su, sai zagayen inda suka tsaya. Turakun maruƙa na nan a kafe, igiya ɗaya ta rage a jikin wani. Ta durƙusa ta sa hannu a murhu, tokar ta yi sanyi. Sawun garke ya yi yamma, iska ta fara share shi.

A gefen wata bishiyar ƙirya akwai sabon kabari, an jera masa ƙaya don karnuka. Susana ta sauke ƙwaryar ta tsaya a kansa. Ba ta san addu'ar da za ta yi wa Musulmi ba.

"Ilyasu," ta ce, "cewa ya yi a kare ka."

Ta faɗi kalmar a hankali, yadda ba mai iya gyara ta. Ba kowa sai balbela guda da ke yawo tsakanin turakun, tana neman shanun.

Ta so ta bar ƙwaryar a nan, sai ta tuna mai ita tana da rai. Ta mayar da ita ka. A mararrabar bakin gari, hanyar hagu ita ke zuwa gida, ta lambun Samson take bi. Hanyar dama kuma ofishin jandarma take kai mutum. Tana jin ƙarar injin ban-ruwan Samson daga nesa, injin da Baba ya gyara masa. Ta daɗe a tsaye. Sannan ta gyara gammonta ta bi dama, faifan na kaɗawa a kan ƙwaryar da babu komai a ciki.