Ta Tsakanin Ƙafafun Wilkin

"Makaho ma ya gani, Kawu! Ta tsakanin ƙafafunsa ta wuce!"

"Rage murya, Radhamés. Ba a gonar rake kake ba."

Kawu Eladio bai ko ɗago kai ba. Shi ke rubuta makin ƙungiyar besbol ta garin, wasan jifa da bugun ƙwallo da sanda, tun kafin a haifi Radhamés, kuma abin da fensirinsa ya faɗa ya zauna. Yau ya rubuta cewa bugu ne mai kyau, ba sakacin mai tsaro ba. Mai tsaron kuwa Wilkin ne, ɗansa na cikinsa.

Kowa ya san dokar. In mai tsaro ya saki ƙwallo aka ci maki, ba a ɗora wa mai jifa. In bugu ne mai kyau, a wuyansa yake. Maki biyun da aka ci da bugun nan su kaɗai suka raba Radhamés, mai jifan ƙungiyar, da bangon fili, inda ake rubuta sunan mai jifan da aka fi kasa ci a tarihin ƙungiyar. Sunan da ke wurin ya koɗe, mai shi ya daɗe a kabari. Kakar wasa guda Radhamés yana jifa da kafaɗa mai zogi, yana ɗaure ta da ƙanƙara, duk don bangon nan.

"Tsalle ta yi," in ji Kawu. "Tsakuwa ta daka."

"Wace tsakuwa? Ni na share wurin da safe! Ɗanka dai idonsa na kan yarinyar nan mai soya ayaba."

Sai a nan Kawu ya dube shi.

"Masu neman 'yan wasa za su zo daga Amurka ranar Asabar. Takardar nan za su fara dubawa. Kuskure ɗaya ya ƙaru, sun tsallake sunansa. Kai shekarunka sun wuce, ba mai ɗaukarka. Fenti kake nema, shi kuwa rayuwa."

Gaskiya ce, shi ya sa ta fi zafi. Wato kafaɗarsa ta tashi a banza. Wato a gidan nan har gumin mutum ana iya ba wani aro ba a tambaye shi ba.

Wilkin ya matso, safar hannunsa ta cafe ƙwallo a hammata, ido a ƙasa.

"Yaya..."

"A'a, Ƙofa-a-buɗe! Ka iso?" in ji Radhamés.

Kawu ya miƙo fensir. "Ungo. Goge ka gyara da hannunka, tunda kai ne mai gaskiya. In an zuba shinkafa da wake a gida, kai za ka yi wa uwarsa bayani."

Radhamés ya karɓa. Ya dubi bangon, ya dubi yaron da shi ya koya wa cafe ƙwallo da safar hannu ta kwalin madara.

"Kai, ɗago ka dube ni. Tsakuwa ce?"