Koriyar Fitila a Ɗakin Zuliha

Duk wanda ya yi bazara a Zinder ya san wutar lantarki ba ta sallama in za ta tafi. Kana zaune fanka na kaɗawa, sai ka ji tsit, zufa ta karyo. Mutanen gari sun saba, su ja tsaki su janyo tabarma zuwa zaure. Zuliha ma da haka take yi, sai bara da wutar ta yi mata ɓarnar da tsaki bai isa ya share ba.

Ungozoma ce a wani ƙaramin asibiti a garin Dogo, wajen Zinder. Can take kwana ranakun aiki, ƙarshen mako ta dawo gidanta a unguwar Birni cikin Zinder. A asibitin akwai na'urar duba ciki, wadda suke kira eko, an lulluɓe ta da zane a kusurwa tun ranar da aka kawo ta, don babu mai takardar izinin taɓa ta. Mai ciki in ana son ganin kwanciyar ɗanta sai ta nemi mota zuwa Zinder, da yawa kuwa sai su ce a bar wa Allah. Abin ya daɗe yana ci wa Zuliha rai, shi ya sa ta shiga karatun eko daga nesa, ta kwamfuta, da wata makaranta ta ƙasar waje. Ta gama komai, saura jarrabawar ƙarshe. Dokar makarantar kuwa ba ta da kunya: ka zauna gaban kwamfuta suna kallonka daga can, in ta mutu a tsakiya an rufe ke nan. Sau biyu ake ba mutum dama. Ta farko wuta ta cinye bara.

Saboda haka yayanta Sama'ila, mai gyaran kwamfuta a Kasuwar Dole, ya shigo gidan wata ranar Asabar rungume da wani baƙin akwati, ƙarami amma da nauyin tsiya. Ondilar sunansa. Aikinsa ya tsaya tsakanin bango da kwamfuta, in wuta ta ɗauke ya ci gaba da shayar da ita daga batirin da ke cikinsa. Sama'ila ya sa masa sabon batir, ya jona kwamfutar da ɗan akwatin intanet, sannan ya zare waya daga bango ya ce a ɗora shayi. Ondilar ya fara kuka, ƙit, ƙit, yana hutawa yana sakewa. Aka sha na farko mai ɗaci, aka sha na biyu, allo na nan da haskensa. Sai da aka kusa sauke na uku kukan ya fara sauri.

"Egzaman naki ya kai shayi uku?" in ji Sama'ila.

"Bai kai ba, Yaya."

"To kin tsira, ordinatar taki, kwamfutar nan, ba ta da ci. Amma ji ni da kyau. Fitilar nan koriya kada ta ruɗe ki. Ita abin da take faɗa kawai akwai kuran, akwai wuta a bango. Ko mushen batir ne a ciki, haka za ta yi miki kore. In kina son gaskiyarsa, zare waya ki gani."

Mijinta Safiyanu yana wurin, shi ne ma mai haɗa shayin. Ya ji wannan magana da kunnensa, har ya gyaɗa kai.

Safiyanu ma'aikacin ofis ne, mutum mai tsabta da son a gan shi daidai. Shaddarsa ba ta fita sai ta sha guga, hularsa tana da wurin zamanta a goshi. Bai taɓa hana Zuliha karatu ba, a wurin taro ma shi ke fara cewa, "Madam ɗina ta kusa zama dokta." Abu ɗaya ne ya hana shi sakat a wannan bazara, wato motonsa, babur ɗin da yake zuwa aiki da shi. Batirin ya mutu, abin bugawa da ƙafa kuma ya daɗe da zamewa. Kullum da safe sai ya tattare riga ya tura shi da gudu, ya yi tsalle ya haye. Hanyar fita kuwa ɗaya ce, ta gaban shagon Ɗan Azumi, inda fadarsu take zama a gindin bishiyar bedi. Ɗan Azumi bakinsa ba ya ajiya. Da ya hango shi zai miƙe ya ce, "A ba da hanya, ga mai jaki ya fito kiwo." Fada ta kwashe da dariya. Safiyanu yakan yi murmushin dole, amma a gida ko tuwo ba ya ci da daɗi.

Ranar Litinin ta makon jarrabawa, Zuliha ta fito da jakarta za ta tasha, ta tarar da shi a kan moto yana murmushi. Ya danna maɓalli da babban yatsa. Moto ya tashi nan take, lafiya lau.

"Ikon Allah. Baban Amina, me ka ba shi?"

"Bakanike ya ɗan taɓa shi jiya, kina wurin suna. Hau mu je."

Ta hau tana dariya. Ta yi murna da gaske, don ita ma dariyar fada tana ƙona mata rai. Suka wuce gaban shagon Ɗan Azumi, Safiyanu ya rage gudu da gangan ya ɗaga hannu, fada ta yi masa tafi.

A Dogo, wata mai ciki da ake kira Lubabatu ta zo awo. Cikin ya yi girman da bai dace da watanninsa ba, hannun Zuliha kuma ya kasa tantance mata ko biyu ne ko kwanciya ce ba daidai ba. Lubabatu ta nuna na'urar da ke lulluɓe ta ce, "Malama, wannan abu ado ne?" Zuliha ta ce mata ta ƙara haƙuri kaɗan, in Allah ya yarda kafin ta haihu za a yaye zanen, ita ce ma za ta fara kwanciya a gabanta.

Ta dawo gida Laraba da yamma, jarrabawa gobe. Ta kai ƙaramar 'yarsu Amina gidan kakarta don gida ya yi shiru. Bayan magariba ta shiga ɗaki, ga fitilar ondilar kore shar. Ta tuna maganar yayanta, ta sunkuya za ta zare wayar.

"Bar shi, Maman Amina," in ji Safiyanu daga bakin ƙofa. "Na gwada jiya, ya riƙe har na gaji da jira. Kada ki zuƙe shi a banza, gobe ki nema ki tarar bai cika ba."

Magana ce ta hankali. Ta janye hannunta. Ta ma ji daɗi a ranta, wai mutum ya tuna da abinta tana nesa. Ta ce masa Allah ya saka da alheri, ya ce amin.

Washegari bayan azahar ta zauna. Rana ta take, garin kamar an kifa masa tukunya. Aka buɗe mata jarrabawa, hotuna suka fara zuwa: ga kan jariri, ga mahaifa, ga ruwa, a auna a faɗa. Ta san su duka. Tana amsawa tana wucewa, har ta fara jin cewa bana kam an gama. Ta wuce rabi ke nan fanka ta yi tsit.

Ba ta razana ba. Ta kasa kunne tana jiran kukan nan da ta sani, ƙit, ƙit. Sai ondilar ya yi ƙara ɗaya gajeriya, allo ya yi baƙi. A cikinsa ba ta ga komai ba sai fuskarta da ɗankwali.

Ta danna, ta sake dannawa. Ta ɗauki wayar hannu ta nemi shiga, shafin ya ce an rufe. Wutar ma ba ta daɗe ba ta dawo, ko shayi ɗaya da bai nuna ba. Fanka ta ci gaba da kaɗawa, fitilar ondilar ta koma kore kamar ba ita ba.

Ta yi kuka sosai, irin wanda ba a so maƙwabta su ji. Da kukan ya lafa sai fushi ya taso, ta kira Sama'ila. Abin da ba ta taɓa faɗa wa yayanta ba ta faɗa masa a ranar. Ta ce ya sa mata ruɓaɓɓen kaya, ya mai da ita kamar baƙuwar da ta shigo kasuwa. Ya bar ta ta gama.

"Kin zare wayar kin gwada?"

"An gwada."

"Ke kika gwada?"

Ta juya ta dubi ondilar.

"Juya shi," in ji Sama'ila a hankali. "Akwai kusoshi a ƙasa. Kwance ki faɗa mini abin da kika gani."

Ta kwance su da bakin wuƙa. Kusoshin ma ba su yi gardama ba, an riga an sassauta su. Batirin da ta gani ba shi ne wanda yayanta ya ciro daga kwali a gabanta ba. Wannan tsoho ne, gefensa ya kumbura, jar ƙasa ta manne a jikinsa, an murɗa masa wayoyi da hannu an naɗe da baƙar roba. Ta kai shi hanci. Warin man inji yake.

"Zuliha, kina ji na? Me kika gani?"

"Yaya, ka yafe mini," ta ce, ta kashe wayar.

Ba sai an faɗa mata ba. Ta tuna babban yatsa a kan maɓalli, ta tuna tafin fada. Ashe ranar Litinin a kan batirinta ta zauna aka kai ta tasha, tana dariya tana gode wa Allah. Wannan bai ƙona ta ba kamar hannunta da ta janye jiya. Tana dab da gane gaskiya, da sauran lokaci, Sama'ila yana nan kusa da wani batirin a shago, mijinta ya tsaya a bakin ƙofa ya ce ta bari. Ta ji an ci amanarta, a cikin ɗakinta, da murya mai daɗi.

Sai bayan la'asar sakaliya ta ji moto ya tsaya a ƙofar gida. Safiyanu ya shigo da ƙunshin kilishi a hannu da fuskar da ya shirya tun daga hanya, don ofishinsu ma an ɗauke wutar, ya san abin da zai tarar.

"Ya riƙe dai ko?"

"Bai riƙe ba."

"Kai, kai. Ni dama kayan Kasuwar Dole ban yarda da su ba. Ba don Yaya Sama'ila ne ba, da na ce a mayar masa da..."

Ta ɗauko tsohon batirin ta ajiye a kan tabarma, tsakaninta da shi. Ya dubi batirin, ya dubi ƙunshin da ke hannunsa, ya rasa inda zai ajiye shi.

"Wallahi aro na yi," ya ce daga baya. "Niyyata in mayar Laraba da safe. Bakaniken ne bai fito ba."

"Da na sunkuya jiya fa?"

"Na ce in kin gani hankalinki zai tashi ana gobe egzama. Kuma kwana biyun nan ba a ɗauke kuran da rana ba. Na ce Allah zai rufa asiri."

"Asirin wa?"

Can ya ce, da ƙaramar murya, "Ba ki san abin da nake ji ba in Ɗan Azumi ya miƙe. Mutum da iyalinsa, da aikinsa, a mai da shi abin wasa kullum safiya."

Ta dube shi da kyau. Gaskiya yake faɗa, abin da ya fi ciwo ke nan. Da ƙin karatunta yake yi, da ta san da wa take faɗa. Shi kuwa yana so ta ci, yana son ya ce madam ɗinsa dokta ce. Kawai da aka ɗora shekarunta na karatu a gefe, aka ɗora dariyar gindin bedi a gefe, dariyar ce ta fi masa nauyi.

"Gobe da sassafe zan mayar miki," ya ce.

"In yi me da shi? Bar shi inda yake, ka fi ni bukata."

Da safe ta ɗauki jakarta, don ranar aiki ce a Dogo. Ya biyo ta da sauri yana cewa ta tsaya ya kai ta tasha. Ba ta tsaya ba. Tana isa gaban shagon Ɗan Azumi ta ji moton ya tashi a bayanta, dannawa ɗaya. 'Yan fada suka ɗago kai daga kofunansu.

"Madam, ina kwana," in ji Ɗan Azumi. "Kin ji ingarma ko? Yanzu kam maigida ya fi ƙarfinmu, mun daina."

"Lafiya lau, Malam Ɗan Azumi," ta ce. "Ku daina ɗin. An saye bakinku da tsada."

Ya buɗe baki zai tambaya, ta riga ta wuce. Moton ya biyo ta a hankali, yana tafiya daidai kafaɗarta, mai shi yana kiran sunanta ƙasa-ƙasa don kada fada ta ji. Ba ta waiwaya ba. Hankalinta yana Dogo, tana neman kalmomin da za ta gaya wa Lubabatu ta fara neman motar Zinder tun cikin bai tsufa ba.