Durƙuson Badiyya

Duk Burumburum an san Iya Saude da abu biyu: soyayyen kifin Tiga da faɗa a kan gaisuwa. Yaro ya kuskura ya gaishe ta a tsaye, ranar har uwarsa sai ta sha magana. Jikarta Badiyya kuwa, 'yar aji ɗaya, ita ce abin alfaharinta. Tun yarinyar tana tatata take nanata mata, "Ko a ina kika ga babba, gwiwa ƙasa."

Garzali, direban motar makaranta, shi ma da tasa dokar. Kullum har maƙogwaronsa ya bushe yana faɗa: wanda ya sauka ya matsa gefe, kada kowa ya gifta ta gaban mota, don daga kujerarsa ba ya hango ƙananan. Da maganar ta kai kunnen Iya Saude, taɓe baki ta yi. Wai a fara koya musu ladabi tukuna.

Wata Laraba kifi ya ƙare da wuri, sai ta ce bari ta tari jikarta da kanta. Ta tsaya a bakin titi, gaba kaɗan da inda motar ke sauke yara. Badiyya na saukowa ta hango kakarta, murna ta kama ta, ta rugo ta gaban motar. Sai ta tuna. Nan take ta zube a kan gwiwoyinta, dab da hancin motar.

"Iya, sannu da..."

Garzali ya duba madubi, ya duba gaba, bai ga kowa ba sai tsohuwa a gefe. Ya ja mota. Ihun Iya Saude ne ya sa shi taka burki, amma taya ta riga ta hau ƙafar yarinyar.

Da sauran kwana, yarinya ta rayu. Ƙafar dama ce aka yanke daga gwiwa. Iya Saude ta zauna a barandar asibiti. Baƙin ciki ya hana ta shiga, har sai da Badiyya ta nemi ganin ta.

Tana shiga, yarinyar ta dafa gado tana ƙoƙarin sauka, ta kasa. Idonta ya ciko.

"Iya, don Allah kada ki yi faɗa," ta ce. "Na kasa durƙusawa."

Tsohuwar ta zube a kan gwiwoyinta a gaban gadon, ta fashe da kuka.