Ƙarfe Mai Gicciye

"Ku ɗaga wajen kai! Ku ɗaga mana, jini yana koma masa baki!"

Zamani ne ke wannan ihu, shi ne kuma riƙe da wajen ƙafafu. Su huɗu suka ɗauko abokinsa Kumai a kan sanduna biyu da aka ɗaure da riguna, suna ratsa ƙonannen daji da sassarfa, toka na tashi har gwiwa. Daga gindin dutse zuwa titin Zonkwa tafiyar rabin awa ce ga mai lafiya, amma yau hanyar ta ƙi ƙarewa. Bindigar toka na rataye a kafaɗar Zamani tana warin albarushi, kuma duk wanda ya rugo wurin da abin ya faru a hannunsa ya tarar da ita.

A bakin titi malamin daji ya zare bindigar daga kafaɗarsa, ko kallonsa bai yi ba, ya ce za ta jira 'yan sanda. Allah ya kawo wata motar itace. Direban ya leƙo ya ga jini, bai tambayi komai ba ya ce a sa shi a baya. Zamani ya haye kan itacen, ya ɗora kan Kumai a cinyarsa, ya danne ramin da ke ƙarƙashin haƙarƙarinsa da tafin hannu. Sauran suka juya su kai labari ƙauye, motar ta ɗauki hanyar Kafanchan.

Duk wannan masifa 'yar takarda ce ta jawo ta. Tun kaka da kakanni, idan rani ya tsaya, ƙauyensu kan fita farautar shekara, kowa da makaminsa. Bana sai ga malamin daji da sabuwar doka: gwanki ya yi ƙaranci, bindiga biyar kacal aka yarda su shiga daji, sauran jama'a su yi kora da sanduna. Aka rubuta sunayen masu so, aka nannaɗe, aka zuba a hular malamin a ƙofar gidan dagaci domin a ja ƙuri'a.

Nan ne Zamani ya yi wayon da ya fi ƙarfinsa. Ya sa aka rubuta har da sunan ƙanensa Meshak, wai in nasa bai fito ba na ƙanen ya fito. Meshak kuwa malamin makaranta ne, mai farar riga da sabon babur, wanda ko kaza zai yanka sai ya kawar da kai. Shekara tara Zamani ya yi yana noman citta don yaron ya yi karatu, kuma ba abin da ke faranta masa rai kamar ya ji ana kiran ƙanensa Ticha. To, sunan Zamani, wanda ya kayar da gwanki bakwai a rayuwarsa, ya kwana a hula. Na Ticha ya fito. Jama'a suka yi dariya har da riƙe ciki, malamin daji kuma ya ce wanda sunansa ke kan takardar izini shi zai riƙe bindiga, shi ma da kansa zai bi su daji ya gani.

Da asuba Zamani ya ɗura wa ƙanen bindigarsa. Ya auna albarushi a tafin hannu, ya tura tsumma, ya zuba gutsattsarin ƙarfe uku, ya danna da sandar ɗuri. Kowane maharbi a ƙauyen yana da irin ƙarfensa, domin in bindiga biyu suka tashi kan dabba ɗaya, sai an feɗe an ga ƙarfen wa ke ciki kafin a san mai nama. Wani ƙwallayen keke yake zubawa, wani ƙafar tsohuwar tukunya. Zamani ƙusa yake yankawa, ya bi kowane gutsure da zarto ya yi masa gicciye.

"Ka tsaya gindin kaɗanya ɗin nan, kada ka taɓa komai," ya ce wa Meshak. "Zan sulale daga wajen masu kora in zo in karɓa. In kuma abu ya fito kafin in zo, kada ka harba sai ka ga ƙaho da idonka."

Abu ɗaya ya manta bai faɗa ba, don bai taɓa zaton akwai mai bukatar a faɗa masa ba. Kumai, wanda shi ma ƙuri'a ta ba shi, ba ya shiga daji sai da tsohuwar hularsa ta fata mai ƙahonin gwanki, wadda yake rarrafe da ita har ya kusanci garke. Ba maharbin da bai san hular nan ba, har ƙahon hagu da ya gutsure. Amma Ticha a aji ya girma. Saura taku kamar talatin Zamani ya iso kaɗanyar ya ji bindigarsa ta tashi, ya kuwa san muryarta kamar ta matarsa. Ya tarar da Meshak tsaye cikin hayaƙi, can gaba ga Kumai kwance cikin jini da hularsa, ya karɓe bindigar daga hannun ƙanen, sai ga jama'a.

Motar ta faɗa wani rami, Kumai ya yi nishi ya buɗe ido.

"Zamani," ya ce da yarensu, muryar can ƙasa. "Ba kai ba ne ko?"

"Yi shiru, aboki. Mun kusa."

"Na sani ai. Da kai ne, da ban kai yanzu ba."

Ya so ya yi dariya, tari ya sarƙe shi. Zamani ya waiga ko akwai wanda ya ji, amma daga shi sai itace sai rurin inji. Kumai bai sake magana ba har suka tsallake layin dogo suka shiga gari.

A asibiti aka karɓe shi aka shige da shi ɗakin tiyata, aka bar Zamani a baranda da jini har gwiwar hannu. Bai daɗe ba sai ga babur ɗin Meshak, ya goyo Scholastica matar Kumai. Ko takalmi babu a ƙafarta. Ta kama rigar Zamani da hannu biyu, tana kiransa da sunan ɗansa.

"Baban Luka, me ya sami mijina? Kai ne abokinsa, kai za ka gaya mini. Wane ne?"

"Yana hannun likita, Maman yara. Mu yi addu'a."

Ta durƙusa a ƙofar ɗakin tana kiran sunan Yesu. Kunya da tsoro suka rufe Zamani, ya ja hannun ƙanensa suka koma gindin wani mangwaro a bayan ginin.

"Yaya, na ga ƙaho," in ji Meshak tun kafin a tambaye shi. "Na rantse da Littafi na ga ƙaho. Kai ka ce in na ga ƙaho."

"Ni na ce. Laifi ɗin nawa ne, ban gaya maka hula ɗin ba. Amma ka saurare ni da kyau, Ticha. Ƙarfe da za su ciro nawa ne. Bindiga a hannuna aka gani. Mutane sun ga na bar wajen kora. In ka ce kai ne, kana da takarda, ba ka san hula ɗin ba, kowa zai ce tsautsayi ne. In aka ce ni ne fa? Wa zai yarda Zamani bai gane hular Kumai ba? Shekara ashirin muna shiga daji tare. Za su ce da gangan na yi. Ka san abin da ake yi wa wanda ya yi da gangan."

Meshak ya zauna a kan saiwar mangwaron, ya haɗa kai da gwiwa.

"Za su kore ni daga aiki, Yaya. Za su rufe ni. Wata mai zuwa ne za a ba ni hedimasta."

"Na sani."

"Yara ɗin makaranta za su ce tichansu ya kashe mutum."

"Bai mutu ba tukuna. Rufe bakinka."

Can jirgin ƙasa ya yi kuka a tasha, masu tallar lemo suka ruga. Meshak ya share fuska da gefen farar rigarsa, ya ɗago.

"Zan faɗi gaskiya, Yaya. Ko me za su yi mini, zan faɗa."

Ya kamata Zamani ya ji sanyi a ransa, amma bai ji ba. Ya tsaya yana kallon wuyan ƙanensa, siriri kamar na yaro, da hannayen nan da ba su san komai ba sai alli. Ya san kurkuku, ya taɓa kai wa wani kawunsa abinci, ya ga yadda ake fita da fursunoni fasa dutse. Meshak ba zai yi wata uku a can ba. Sai kuma ya tuna Clara matarsa da 'ya'yansu huɗu, da gonar da ko shararta bai yi ba ga damina na matsowa. Ya yi ta kai da komo tsakanin mangwaro da baranda, in ya yanke wannan sai wancan ya warware shi. Ya roƙi Ubangiji abu ɗaya tak, Kumai ya tashi ya yi magana da bakinsa, ko ta faɗa kan wa.

La'asar ta yi sanyi lokacin da ƙofar ta buɗe. Wata nas ta fito ta kama kafaɗar Scholastica, ba ta ma gama magana ba matar ta kurma ihu ta zube. Zamani ya dafa bango. Abokinsa ya tafi, ya kuma tafi da abin da ya sani.

Malamin daji ya riga ya iso da wani sajan na 'yan sanda, dattijo mai furfura a gashin baki. Aka kira 'yan'uwan biyu wani ƙaramin ofis. A kan tebur ga bindigar, ga takardar izini, ga wani ɗan kwanon asibiti da gutsuren ƙarfe biyu a ciki, an wanke su tas. Sajan ya juya ɗaya da bakin biro, gicciyen ya fito sarai.

A 'yan takun nan daga baranda zuwa ofis Zamani ya gama shawara. Shi ya sa sunan a hula, shi ya ɗura bindigar, shi ya ce a harbi ƙaho. Ba zai bari yaron ya buɗe baki ba. Da an yi tambaya zai riga shi, ya ce shi ne, in ya so Meshak ya riƙe masa Clara da yara.

Sajan ya ɗaga takardar. "Wane ne Meshak a cikinku?"

Zamani ya ja numfashi zai yi magana, sai ya ji muryar ƙanensa ta riga shi. Da Turanci yake yi, da sauri, ba gargada, kamar mai karanta abin da ya daɗe da haddacewa. Zamani ba ya jin Turanci, amma ya ji sunansa sau uku, ya kuma ga yatsan da ya nuna bindigar sannan ya nuno shi. Sajan na rubutawa. Malamin daji ya sunkuyar da kai.

Da aka gama, sajan ya ajiye biro ya dubi Zamani.

"Ƙanenka ya ce ka zo ka ƙwace bindiga daga hannunsa, ya hana ka ka ƙi, ka harba. Ya ce ya ga mutum ne, har ya yi maka ihu. Haka aka yi?"

Zamani ya juya ya dubi Meshak. Meshak na kallon kalandar da ke bango. Ba tsoron igiyar rataya ne ya kama Zamani a lokacin ba, wani baƙin ciki ne da bai taɓa sanin irinsa ba. Abin da ya shigo zai bayar da hannunsa, an fizge shi tun bai miƙa ba, har an ƙara da abin da ba a roƙa ba. A waje Scholastica na ta kiran sunan mijinta.

"Malam, da kai nake," in ji sajan. "Haka aka yi?"

"Haka aka yi, Yallaɓai."

Sajan ya daɗe yana kallonsa, sannan ya tura masa takardar da ɗan akwatin tawada. Zamani ya goge babban yatsansa a wando, don har yanzu da busasshen jini a jiki, ya dangwala inda aka nuna masa.

"Ticha," ya ce, bai ɗago ba. "In za ka koma, ka goya matar Kumai. Ba ta da takalmi."